Yarinta ce ke damunta, ko tsoron abin da ke gabanta?

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗan Arewa ne, shekarata 29, ina karatun digiri na biyu a birnin Medan na ƙasar Indonesiya. A nan na haɗu da wata yarinya Musulma 'yar ƙabilar Batak, daga ɓangaren Mandailing, shekararta 22, tana ajin ƙarshe a karatun aikin jinya. Mun fi shekara da sanin juna, ban taɓa ganin wani abin ashsha a tattare da ita ba. Da na yi mata maganar aure ta amince, amma tun daga ranar abubuwa suka rikice. Yau ta ce ta shirya, gobe ta fashe da kuka ta ce in ba ta shekara biyu ta yi aiki ta taimaki ƙannenta maza biyu da ke makaranta. Komai sai ta tambayi mahaifiyarta. In muka saɓa sai ta toshe lambata kwana biyu ko uku. Har yanzu ta kasa faɗa wa mahaifinta, don goggonta na da ɗa da dangi ke so ta aura. Akwai daren da ta ce mu gudu kawai a ɗaura mana aure, gari na wayewa ta ce ita ma ba ta san abin da ya sa ta faɗi haka ba. Kullum tambayarta ko zan yi mata kishiya. Saura wata takwas in gama in koma gida, kuma Hajiyarmu ta fara yi mini zancen 'yar wata ƙawarta, ni kuwa ban gaya mata komai ba. Abokaina sun ce yarinya ce, hankalinta bai kai na aure ba, in rabu da ita. Ina sonta, Anti. In jira ne ko in haƙura?

Ɗalibi daga Medan

Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da kai lafiya. Na ji daɗi da ya zama aure ka sa a gaba, a ƙasar da babu idon kowa naka a kanka. Sai dai abokanka sun yi saurin yanke hukunci, kai ma ka kusa bin su. Ka tattara halayen yarinyar nan duka ka sa musu suna ɗaya, wai yarinta, alhali ba iri ɗaya ba ne. Mafi yawansu alamar hankali ne, biyu ne kawai ya kamata su dame ka, akwai kuma wani da ka ambata a ƙarshen wasiƙarka kamar ba komai ba, wanda shi naka ne, ba nata ba.

Ka fara da tambayar kanka abin da aure ke nufi ga ɗiyar Batak. A wurinsu kowa yana da marga, wato sunan zuriya da ake gado ta wajen uba. Ka saba jin su a ajinku: Nasution, Lubis, Harahap, Siregar, Pulungan, Rangkuti. Mace tana riƙe da na ubanta, amma 'ya'yanta na gidan mijinta za su ɗauka. Idan ta yi aure, gidaje biyu ne suka ƙulla alaƙar da ba ta yankewa, kowanne da matsayinsa. Mutanen Mandailing suna kiran gidan da ya ba da mace mora, 'yan zuriya ɗaya kahanggi, gidan da ya karɓi mace kuma anak boru. Su ukun nan ne suke kwatantawa da duwatsun murhu, dalihan na tolu, kuma mu da muka tashi muna girki a kan duwatsu uku mun san abin da ke samun tukunya in aka zare ɗaya. Surukin gida shi ne mai ɗawainiya ranar biki da ranar mutuwa, shi ake aika, shi ke tsayawa kan girki da baƙi, shi ake nema in rigima ta tashi. Mahaifinta ya rene ta yana sa ran wata rana zai samu irin wannan surukin. Ita kuwa ta san in ta aure ka ta bi ka Nijeriya, gurbin nan a gidansu zai zauna babu kowa. Tun tana ƙarama take ganin yadda ake yi a kowane taro. Kai kana lissafin ku biyu, ita tana lissafin gida guda, to yaya ba za ta yi kuka ba?

Batun ɗan goggon ma haka yake. Auren zumunci ba baƙonmu ba ne, amma nasu yana da tsarin da ya bambanta da namu. Mu muna aurar da yarinya ga ɗan baffanta hankali kwance. Su a al'adarsu wannan abin kunya ne, don marga ɗaya suke, tamkar wa da ƙanwa. Wanda al'ada ta fi so mata shi ne ɗan goggonta, shi kuma a so masa ɗiyar kawunsa. A yau yawancin gidaje ba sa tilastawa, musamman ga yarinyar da ta yi jami'a, amma ƙin nasa ba abu ne da ake yi da saƙon waya ba. Goggon nan 'yar'uwar mahaifinta ce, za su ci gaba da haɗuwa a kowane taro har ƙarshen rayuwa. Yarinyar da ke auna kalmomin da za ta faɗa kafin ta jefa ubanta cikin wannan kunyar ba sakarci take yi ba. Kuma akwai abin da ya wajaba ka bincika tun yanzu: shin fata ne kawai dangi ke yi, ko an riga an kai tambaya an amsa? In an amsa, to ka san Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana mutum nema a kan neman ɗan'uwansa, sai ka dakata har wancan ya janye ko a sallame shi. Shi ma yaron ba lallai ne yana so ba. Sau da yawa iyaye ne ke ta shiri, yaran kowa na da inda hankalinsa yake.

Shekara biyun da take roƙo, ni ban ga wasa a ciki ba. A Indonesiya mai digirin jinya ba ta fara aiki a matsayin cikakkiyar ma'aikaciya sai ta ƙara kusan shekara guda ta horon aiki da suke kira Ners, ta ci jarrabawar ƙwarewa, sannan a yi mata rajista. In ta bar ƙasar kafin ta kammala wannan, ta tafi da rabin sana'a. Ko ta kammala ma, ba za ta taɓa majinyaci a asibitin Kano ko Katsina ba sai Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta tantance ta. Ka ɗora wannan a kan halin gidansu. Mutanen Batak sun yi suna wajen ɗaure ciki su yi wa 'ya'ya karatu, kuma a ƙauyukan Mandailing yawanci kuɗin makaranta daga gonar shinkafa da ƙaron roba yake fitowa. Babbar ɗiya da aka kashe wa irin wannan kuɗin tana jinsa a wuyanta kamar bashi, ko da babu wanda ya ce ta biya. Da ta ce maka ta mance da ƙannenta ta bi ka gobe, da ita ce zan ce ka yi hattara da ita. Wadda ta tuna da haƙƙin waɗanda suka wahala dominta, ana sa ran ta tuna da naka.

Ta fuskar shekaru kuwa babu abin cewa. Dokar aure ta Indonesiya ta 1974, bayan gyaran da aka yi mata a 2019, ta sa shekara 19 a matsayin mafi ƙaranci ga namiji da mace, wanda bai kai 21 ba kuma sai da izinin iyaye. Hukumarsu ta tsarin iyali, BKKBN, tana ba da shawarar 21 ga mace, 25 ga namiji. Duk ta wuce waɗannan. Amma kai ma ka san ba a auna shirin aure da takardar haihuwa. Na ga 'yar sha tara da ta riƙe gida da surukai, na ga 'yar talatin da ke yaji saboda an manta da ranar haihuwarta.

Tambayar kishiya ma kada ta riƙa ba ka haushi. A ƙasarta, dokar nan ta 1974 ta ce namiji ba ya ƙara aure sai ya je kotu ya samu izini, kuma cikin sharuɗɗan akwai yardar uwargida da tabbacin zai iya ɗaukar nauyi. A garinku kuwa ta san babu wannan, wata ƙila ma ta ji kana hira cewa mahaifinka ko baffanka mata uku gare shi. Tana shirin barin inda doka ke tsaya mata ta tafi inda sai dai alkawarin bakinka. Wannan tambayar manya ce, kuma amsar manya take buƙata. In ka san a ranka kana da niyyar ƙari wata rana, gaya mata yanzu ta yi zaɓinta ido buɗe. In ba ka da niyya, kada ka tsaya ga rantsuwar soyayya, ku tambayi malami yadda ake sa sharaɗi a cikin ɗaurin aure da abin da zai biyo baya in aka saɓa. Ba ita kaɗai ce damuwar da doka ta jawo ba. A ƙarƙashin dokar zama ɗan ƙasa ta 2006, 'ya'yanku za su iya riƙe ƙasa biyu ne kawai har su kai 18, daga nan a ba su shekara uku su zaɓi ɗaya. Baƙo kuma ba ya mallakar fili mallaka ta har abada a can, abin da kan shafi matarsa 'yar ƙasa in dukiyarsu a haɗe take, shi ya sa masu irin aurenku ke rubuta yarjejeniyar raba dukiya a gaban jami'in da suke kira notaris. Tun 2016 kotun tsarin mulkinsu ta yarda a yi ta ko bayan an ɗaura aure, amma gara a yi tun farko. Ko ba ta san waɗannan dalla-dalla ba, jikinta yana ba ta cewa ita ce za ta fi yin asara in abu ya lalace.

Yawan tambayar mahaifiyarta bai dame ni ba, wa kake so ta tambaya? Abin da za ka lura da shi kawai shi ne ko shawara take nema ko umarni. Ka taɓa ganin uwar ta ce kaza, ita ta saurara cikin ladabi, sannan ta ce a'a Mama, ga abin da na gani? In ka taɓa gani ko a kan zaɓen wurin horon aiki ne, to tana da ra'ayin kanta.

Yanzu ga waɗanda ba zan rufe maka ba. Toshe lamba kwana uku ba ƙaramin abu ba ne. Kowa na fushi, kuma wanda ya yi shiru don kada ya faɗi abin da zai yi da-na-sani ya yi dabara. Amma akwai bambanci tsakanin wadda ta ce raina a ɓace yake, bari sai gobe mu yi magana, da wadda ta ɓace ɓat ta bar ka kana zullumin ko lafiya. Ta farko tana riƙe da fushinta, ta biyu fushin ne ke riƙe da ita. A Medan tana da ƙawaye da ɗakin kwananta da motar da za ta kai ta gida. A Nijeriya ba ta da kowa sai kai, kuma gaba ta kwana uku a gidan da ba ta jin yaren kowa, ita za ta fara cinyewa kafin kai. Ana yi wa mutanen Batak kirari da faɗar gaskiya gatsal da ɗaga murya, ana kuma cewa na Mandailing sun fi 'yan'uwansu na Toba sanyin harshe, amma kada ka auna ta da ko ɗaya, ita kaɗai za ka aura. Ka zaɓi ranar da kuke lafiya lau ka gaya mata yadda shirun ke yi maka, ku yi yarjejeniya mai sauƙi: wanda ya yi fushi yana da damar yin shiru, amma sai ya faɗi lokacin da zai dawo, kuma kada ya wuce kwana ɗaya. Sai ka zuba ido wata biyu ko uku. Ba a ce ba za ta sake kuskurewa ba. Abin dubawa shi ne ko tana dawowa da kanta, ko tana iya cewa nan ni ce da laifi, ko tazarar tana raguwa. Ka kuma binciki kanka: me kake faɗa mata kafin ta toshe ka? In kowace rigima sai ka tuna mata saura wata kaza ka tafi, ko ka yi mata gorin cewa akwai wadda ke jiranka a gida, to kai ne ke tura ta bango. Ga shi kuma da yaren da ba na ɗayanku ba kuke faɗa, ko da yarenta na makaranta da kai ka koya da girmanka. Maganar da ka yi da nufin lallashi tana iya isa kunnenta a matsayin umarni.

Na biyu shi ne daren da ta ce ku gudu. Ba daga sama ta ɗauko shi ba, al'adarsu ta san auren gudu, mutanen Mandailing da maƙwabtansu Angkola suna kiransa marlojong, kuma akwai hanyoyin da ake bi a gyara bayan an yi: dattawan gidan yaron su je su ba da haƙuri, a zauna a daidaita. To kai wa zai je maka? Ba ka da baffa a tsibirin Sumatra inda kuke, zamanka a ƙasar da takardar ɗalibi ne, kuma ƙorafi ɗaya daga uban yarinya zai iya jawo maka abin da zai ci karatunka. Ta fuskar addini ma, su Shafi'iyya ne mu Malikiyya, duka biyun kuma ba su yarda da auren budurwa ba tare da waliyyi ba. Wannan ƙofa ka rufe ta, ko da ta sake buɗe ta da kuka. Furucin ya nuna matsi na iya kwashe ta, wannan gaskiya ne. Amma ka ba ta ladan safiyar, don ita da kanta ta dawo hayyacinta ba tare da kowa ya ja ta ba.

To ɗana, sai kai. Kana ƙorafin ta kasa faɗa wa mahaifinta, kai da ka ba ta shekara bakwai ka faɗa wa Hajiya? Ita tana tsoron ɓata zumuncin ubanta da ƙanwarsa, kai me kake tsoro? Kuma wa'adin wata takwas ɗin da ya sa komai ya zama na gaggawa, naka ne, ita babu abin da ke korarta. Ba ka gaya mini kana da aiki yana jiranka ba, ba ka ce ga inda za ka ajiye ta ba. Gidanku za ta zauna tare da Hajiya da matan yayyenka, ko naka na kanka? Za ka bar ta ta yi aikin asibiti har da kwanan dare, ko ranar da 'yan'uwa suka fara magana za ka ce ta zauna? Duk bayan shekara nawa za ka iya biya mata kuɗin jirgi ta je ta ga iyayenta, tafiyar da sai an canza jirgi a hanya? In ba ka da amsar waɗannan, ba mamaki ta riƙa cewa e yau ta ce a'a gobe, domin ba ta ga abin da za ta dafa ba. Akwai kuma baiwar Allah da ke can gida, 'yar ƙawar Hajiya, wadda wata ƙila an fara yi mata zancenka. Shirunka yana ɗaure ta ba da haƙƙinta ba, yana kuma shirya wa Hajiya jin kunya a gaban ƙawarta.

Saboda haka matakin farko daga gare ka zai fito. Ka sanar da Hajiya, in kana jin nauyi ka bi ta wajen yayarka ko kawunka da take jin maganarsa. Za ta tsorata, kuma tana da gaskiya: ba ta san mutanen ba, tana gudun a raba ta da ɗanta da jikokinta. In wani ya ce mata ai Batak Kiristoci ne, ka yi mata bayani cewa haka yawancin na Toba suke, amma Mandailing da Angkola Musulmi ne tun zamanin yaƙin Padri a farkon ƙarni na 19, kuma a yankin su yarinyar, a Purba Baru, akwai babbar makarantar addini ta Musthafawiyah da ke karantarwa tun 1912. In Hajiya ta taɓa sauke farali, ai ta ga alhazan Indonesiya da natsuwarsu a Harami, ka fara ta nan. Kada ka nemi ta amince a kiran farko. Abin da kake nema a yanzu shi ne ta dakatar da waccan maganar, ta yi addu'a.

Bayan haka ka zauna da yarinyar da rana tsaka, a gaban wata babba da take girmamawa, ka gaya mata ka sanar a gida, ka shimfiɗa mata gaskiyar halinka: kuɗin da kake da shi, inda za ku zauna, matsayinka kan aikinta da kan kishiya. Sannan ka tambaye ta lokacin da take ganin za ta iya kai maganar ga mahaifinta, ko da ta bakin mahaifiyarta ne. Ita za ta faɗi ranar, ba kai ba, amma ta kasance kafin ka bar ƙasar da 'yan watanni. A ganina wannan ita ce jarrabawar gaske, ta fi duk kuka da toshe lamba nauyi. Macen da ta shirya aure tana iya tsayawa a gaban wanda take ƙauna kuma take jin nauyi, ta faɗi abin da take so jikinta na rawa.

In ta yi, kada ka doshi ƙauyensu kai kaɗai da abokanka ɗalibai. Nemi dattijo ɗan Mandailing, cikin malamanka ko limamin masallacin unguwarku, ya zama uba a gare ka, ku yi tafiyar nan ta dare guda zuwa wajen Panyabungan, babban garin yankin Mandailing, tare. Shi zai nuna maka wanda ake fara gaisarwa da yadda ake kiran kowa, don a wurinsu kuskuren sunan dangantaka abin lura ne. Shi ne kuma zai yi maka jagora a matakan neman, daga patobang hata, inda ake tsayar da magana, zuwa manulak sere, inda ake miƙa dukiyar aure. Ka tambayi abin da gidan ke nufi da tuor, kuɗin da al'ada ta ɗora wa mai nema, da yadda yake da sadakin da shari'a ta wajabta, domin ana daidaitawa ne tsakanin dangi, kuma karatun yarinya kan ɗaga shi. Wata ƙila su ce sai an ba ka marga kafin bikin al'ada. Ba kai farau ba: a 2017, da Kahiyang Ayu, ɗiyar shugaban ƙasa na lokacin Joko Widodo, ta auri Bobby Nasution, sai da aka ba ta marga Siregar, ta gidan su mahaifiyar angon. Namiji baƙo kuwa yawanci ta mijin goggon amarya ake ba shi. Ka ga ke nan goggon da kake ganin ita ce ƙaya a hanyarka, al'ada na iya mayar da ita uwarka, kuma wannan kan sanyaya zuciyar da aka ƙi ɗanta. Sai dai ka tambayi malamai a can da kuma gida, a tabbatar maka cewa girmamawa ce kawai, ba ta canza nasabarka ba, ba ta shiga gado, don Alƙur'ani ya ce a kira mutane da sunan ubanninsu.

Akwai abu biyu da za ku iya yi tun kafin a kai nan. Ofishin da ke rajistar auren Musulmi, KUA, yana da bitar share fagen aure da suke kira bimwin, ku tambayi yadda ake shiga, a nan ne kuma za a lissafa maka takardun da baƙo ke kawowa, ciki har da shaidar ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jakarta cewa babu abin da ya hana ka aure. Na biyun gwajin jini ne, kuma kada ka ce ai ita ba 'yar Afirka ba ce. In kai AS ne, ka sani cewa a Indonesiya akwai masu ɗauke da ƙwayar talasemiya da yawa ba tare da sun sani ba, kuma in ƙwayar sikila ta haɗu da ta talasemiya nau'in beta, yaro na iya fitowa da ciwo irin na sikila sak. Ku gaya wa likita ƙarara abin da kuke so a duba.

In an ba ka, ni abin da na fi so muku shi ne a tsayar da magana a gaban iyaye, a sa lokaci sananne, ka koma gida ka nemi aiki da muhalli, ita ta ƙarasa horonta ta yi aikin shekarar da take buri, ta fara koyon Hausa, ta riƙa gaisawa da Hajiya ta waya. Nisan zai yi zafi, amma zai nuna muku abin da zaman Medan ba zai nuna ba: ko tana iya ɓacin rai ba tare da ta ɓace ba, ko kai kana iya riƙe alkawari ga 'yan matan garinku a gabanka. Wasu za su ce a ɗaura kawai kafin ka tafi, tarewa daga baya. Halal ne, yana kuma kare ku daga fitina, amma ka san nauyin da ka ɗauka. A littafin aurensu akwai alkawarin da ango kan karanta bayan ɗaurin aure, cewa in ya bar ta shekara biyu a jere, ko ya hana ta ciyarwa wata uku, ko ya cutar da jikinta, ko ya yi watsi da ita wata shida, tana da damar kai ƙara kotun addini a raba. Wanda bai da albashi tukuna ya yi tunani kafin ya karanta wannan a gaban surukai.

In kuma ranar da ta sa da bakinta ta zo ta wuce, ta sake sa wata ita ma ta wuce, to ka karɓi wannan a matsayin amsa. Ba lallai yana nufin ba ta sonka ba, ko hankalinta bai cika ba. Yana iya zama ta auna ta ga ba za ta iya barin gidansu ba, bakinta ne ya kasa furtawa. A nan sai ka sauƙaƙa mata, ka furta a madadinta, ku rabu ba zagi ba gori, kada ka bar ta da jiran wanda ba zai dawo ba. Haka in mahaifinta ya ce a'a bayan an bi duk hanyar da ta dace: ka roƙi dattijon naka ya koma sau ɗaya ya ji dalili, in abin gyarawa ne a gyara, in ba haka ba ka yi musu sallama ta mutunci. Ku yi istihara kai da ita, kowa a ɗakinsa. Hajiya kuwa a cikin makon nan za ka kira ta, kafin a kai wa waccan yarinyar hotonka.